Ruwan Cikin Akwati

Labarin kwalin ya riga Sirajo isowa Dogo-Dogo. Wanda ya gan shi a tashar Magaria ya ce tele ce, wato talabijin, wani ya rantse injin markaɗe ne. Da aka kwance igiyar a tsakar gida sai ga akwatunan sauti baƙaƙe guda shida: babba ɗaya mai nauyin rabin buhun gero, da ƙanana biyar da ba su fi tubali girma ba. Sirajo ya ce babbar ita ce uwa, sauran 'ya'yanta ne.

Shekara uku ya yi a Tamanrasat, can ƙasar Aljeriya, yana kwaɓa siminti. A wani gida da suka yi wa aiki, mai gidan ya taɓa zaunar da shi a tsakiyar ɗaki ya kunna fim. Mota ta taso daga gabansa, ta bi ta gefen kunnensa ta wuce ta bayansa, har ya duƙa ya waiwaya. Mai gidan ya yi ta dariya. Sirajo bai ji haushi ba, abin ne ya shiga ransa. Wasu sun dawo daga tafiyar da moto, wato babur, wasu da kuɗin sa na noma. Shi ya dawo da kwali.

Mahaifinsa, Baba Zakariya'u, ya sa aka miƙo masa ɗaya daga cikin 'ya'yan. Ya shafa ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce, "Wannan ai babu komai a cikinta."

Shekara bakwai ke nan da idanun tsohon suka tafi. Hancinsa kuwa garin taba ya daɗe da kashe shi, ko tuwo ya ƙone ba ya ji. Kunne kaɗai ya rage masa, amma kunnen ya isa. Yana gane wanda ya shigo gida ta jan takalminsa. In zai ba ka goro, hannunsa ba ya kuskure tafinka ko da ba ka ce uffan ba.

Babban aikin kunnen sau ɗaya yake zuwa a shekara. In ruwan farko ya sauka, tsohon yakan zauna a bakin gadonsa ya saurari rufin kwano. Ya ji nauyin ɗigon, ya ji tsawon lokacin da ya ɗauka, ya ji yadda yake zuba daga bakin kwanon zuwa ƙasa, sannan ya ce ya kai shuka ko bai kai ba. Da can masu ido sukan tona ƙasa da hannu su ga iyakar laima, sai su tarar da abin da ya faɗa. Da suka gaji da tonawa suka koma tambayarsa kawai. Irin gidan ma yana hannunsa, a wani ɗan ɗaki mai kwaɗo, mabuɗin kuma na rataye a wuyansa da igiyar fata. Noma ya fi ƙarfinsa, kasuwa ta fi ƙarfinsa. Wannan magana ɗaya, "ku fita da iri", ita ce abin da ya rage masa na maigida, kuma kowa a gidan ya san haka, har Sirajo.

A cikin kwalin akwai takarda da Faransanci. Sirajo a aji huɗu ya bar lekwal, amma hoton da ke jikinta ba ya bukatar karatu. Ga mutum zaune a tsakiyar ɗaki, ga tele a gabansa, 'ya'ya uku a gaba, biyu a bayansa, uwa a ƙasa. Ɗakin hoton fili ne fetal, kujera ɗaya da mutum ɗaya. Da alama mutumin ba shi da mata, ba shi da uba, ba shi da buhun wake.

Ɗakin Sirajo kuwa taku biyar ne a tsaye, huɗu a kwance. Gini ɗaya ne dogo da aka raba biyu a ƙarƙashin kwano ɗaya, rabi nasa da matarsa Mansura da 'yarsu Ikram, rabi na tsohon. Katangar da ta raba su ba ta kai rufi ba, ta rage kamar kamu ɗaya, don maginin ya ce iska ta riƙa ratsawa.

Ya tsaya da takardar a hannu ya yi ta juyawa, sannan ya nuna bango mafi faɗi.

"Wannan nake so," in ji shi.

"Wanda jerena yake?" Mansura ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi a bakin ƙofa ba. "Goggo ce ta jera shi da hannunta, Baban Ikram. In kana so a taɓa shi, sai ka hau moto ka je Waca ka faɗa mata da bakinka."

Jeren kwanonin aurenta ne, tasoshi da samiru da faranti tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ɗaki na mace ne, bango ma nata ne, miji baƙo ne mai kawo cefane. Sirajo ya tuna bakin Goggo, ya ce a bar jeren inda yake.

Tsohuwar telen da ke gidan ta koma bangon gabas, kusa da ƙofa. 'Ya'ya uku na gaba suka so ƙusa, bangon ƙasa kuma ya ƙi riƙe ƙusa. Duk wadda ya buga sai ta fito da dunƙulen ƙasa a bakinta. Ƙarshe ya samo katako a wurin kafinta ya ɗora su a kai kamar kayan talla. Uwar kuma da ya kunna ta, sai murafun jeren Mansura suka ɗauki rawa gaba ɗaya, ɗakin ya koma kamar rumfar maƙera. Ya naɗe tsohon bargo ya ɗora ta a kai, rawar ta ragu.

Sai maganar kuran, wutar lantarki. Gidan panno biyu masu tara hasken rana gare shi da batir ɗaya, kuma batir ɗin yana da uwargijiya, wato firigon da Mansura ke yin ƙanƙara da zoɓo na sayarwa. Ranar farko da Sirajo ya kunna kayansa da yamma, washegari aka tarar ƙanƙarar ta zama ruwa, zoɓon ya yi ɗumi. Ba a yi faɗa ba. Mansura ta ɗauko leda ɗaya ta ɗora masa a tafin hannu ta koma aikinta. Daga nan aka yi doka: kayan sauti ba su da rabo sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ke dukan panno kai tsaye.

Saura biyun baya, kuma su ne dalilin sayen abin duka. Kujerar zama ba ta da wurin tsayawa sai jikin katangar tsakiya, wato wanda ya zauna a kanta ba shi da baya sam. Kwana biyu Sirajo yana kallon katangar. A na uku ya ɗaga kai ya ga ratar da ke tsakaninta da kwano. Ya leƙa ɗakin tsohon ya durƙusa.

"Baba, ina so in ɗora wani abu a kan katangar nan."

"Tawa ce da taka," in ji tsohon. "Ka ɗora a rabinka."

Ya kife turmi ya taka, ya zaunar da akwatunan biyu a kan katangar, ɗaya a kusurwar kudu, ɗaya a ta arewa, ya tokare su da gutsuren tubali. Wayar ba ta kai ba, ya ƙara da wata da ya samo wurin mai gyaran moto, ya naɗe mahaɗin da leda. Ya juya fuskokinsu suna kallon ɗakinsa, ya sauko yana kakkaɓe hannu. A lissafinsa sauti gaba yake tafiya, inda aka nuna masa. Bai yi tunanin kwanon da ke bisansu ba, wanda ya rufe ɗakunan biyu.

A shekarar ruwa ya yi jinkiri. Watan shuka ya kama har ya raba, hadari ya taso daga gabas sau uku ya watse. An gyara gonaki, an wasa sungumi, an yi roƙon ruwa a bayan gari. Maza suna wuni a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidan suna kallon sama kamar masu jiran mota. Tsohon kuwa ya rage magana. Bayan azahar yakan shiga ɗaki ya turo ƙofa saboda zafi ya kishingiɗa, kunne ɗaya a sama.

Waƙoƙin da Sirajo ya fara gwadawa ba su nuna komai ba, duk akwatunan abu ɗaya suke faɗa. Sai ya tuna da kile, ɗan abin ajiye waƙoƙi da ake sokawa a jikin uwar, wanda mai shagon da ya sayar masa da kayan ya ba shi kyauta, ya ce akwai sautin gwaji a ciki, wanda ke bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ranar wata Laraba, bayan azahar, rana na tsakiyar dukan panno, ya rufe ƙofa ya soka kile ɗin, ya zauna a kujera daidai inda mutumin hoton ya zauna.

Da fari iska ce, siririya, ta taso daga wajen tele. Sai uwar ta yi gurnani can ƙasa, tsawa mai nisa irin wadda ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Ɗigo ɗaya ya faɗo ta hagu, wani ta dama, manya-manya, a warwatse. Sannan biyun baya suka buɗe, ruwa ya kece a bisa kansa, kwanon rufin ya ɗauka yana amsawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sirajo ya rufe ido. Daɗi ya cika shi har wuya. Shekara uku na siminti, da bakin Mansura, da ƙusoshin da suka ƙi zama, duk sun biya. Ya kai minti goma a haka.

A cikin ruwan ne ya ji muryar mahaifinsa, da ƙarfin da ya daɗe bai ji ta da shi ba.

"Amarya, kwashe shanyarki." Har yanzu haka yake kiran Mansura, shekara shida da aure. "Ina Sirajo? A faɗa wa mutanen waje su shirya sungumi. Wannan ya kai. Ku fita da iri."

Sirajo ya zabura ya buɗe ƙofa. Rana ta doke shi a ido. Tsohon na tsaye a bakin ƙofarsa, sanda a hannun hagu, mabuɗin ɗakin iri a dama, ya riga ya cire shi daga wuya. Fuskarsa a sake take kamar ta wanda aka yi wa albishir. Mansura na tsaye da muciya a hannu. Maza huɗu daga gindin bedi sun ji kiran sun shigo har tsakar gida suna kallon sama, inda babu ko gajimare ɗaya.

Tsohon ya tako waje, taku ɗaya, biyu, uku. Ya miƙa hannun da ke riƙe da mabuɗin, ya buɗe tafin yana jira. Rana ce kawai ta sauka a kai. Ya karkata kai. Ruwan yana nan yana zuba, amma a bayansa, cikin ɗaki.

Sirajo ya koma da gudu ya danna. Ruwan ya yanke lokaci ɗaya, kamar an sa wuƙa. Wata kaza ta ci gaba da tononta a gindin randa.

A cikin waɗanda suka shigo akwai Muttaƙa, ɗan goggon tsohon, wato taubashinsa. Shekara saba'in suna tsokanar juna, kuma a al'ada babu mai hana taubashi faɗin abin da ya ga dama.

"To, Zakariya'u," in ji Muttaƙa, "a ina za mu fara shukar? A kan gadonka ko a ƙarƙashinsa?"

Mutane suka yi dariya, ba don mugunta ba, abin ne ya zo da ban dariya. Aka jira ramuwa, don tsohon bai taɓa barin Muttaƙa ya tafi da ta ƙarshe ba. Ramuwar ba ta zo ba.

"Sirajo," ya ce, "mene ne wannan?"

"Akwatunan ne, Baba. Gwaji nake yi."

"Gwaji." Ya rufe tafinsa a kan mabuɗin. "To, sun yi."

Ya juya ya lalubi ƙofarsa da sanda ya shiga.

Kafin la'asar Sirajo ya sake kife turmin ya sauko da biyun baya, ya mayar da su kwali, ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Sauran ma bai ƙara kunna su ba. Mansura ta samu batir ɗinta ita kaɗai, amma ba ta yi murna ba. Ya shiga wurin tsohon ya durƙusa ya ce a yafe masa.

"Me ka yi? Kayanka ka kunna a ɗakinka."

Da faɗa ya yi masa da ya fi sauƙi. Sirajo ya ci gaba da durƙuso. Can tsohon ya ce, "Tsawar ma a ciki take?"

"A ciki take, Baba."

"Da zubar da yake yi daga bakin kwano?"

"Duk a ciki."

Tsohon ya jinjina kai. "Wanda ya yi abin nan ya san ruwa."

Labari ya je kasuwa ranar da ta ci, ya dawo da ƙari. Wasu suka ce har gona tsohon ya kai da ƙwaryar iri. Duk hadarin da ya yi ƙara ya watse sai a ce ruwan Zakariya'u ne. Muttaƙa da kansa ya ga abin ya wuce inda ya nufa, ya riƙa zuwa da goro yana jan taubashinsa da wata tsokanar daban, ko zai tanka. Tsohon yakan karɓi goron ya yi godiya, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, Sirajo na gona yana ƙone sauran kara, gabas ta yi baƙi. Wannan karon ba ta watse ba. Iska ta taso ta kwantar da ciyawa, awaki suka nufi gida da kansu. Kafin ya kai bakin gari ruwan ya cim masa, mai nauyi, irin wanda ke sa mutum ya kasa buɗe ido. Ya iso gida kamar an tsamo shi daga rijiya.

Zaure cike yake da maza. Sun baro gindin bedi sun fake, amma ba fakewar kaɗai ta tara su ba. Muttaƙa ya kama hannun rigarsa.

"Shiga ka tambayo mana shi," ya ce, babu wasa a muryarsa. "Ka ce ni na aiko ka."

Sirajo ya ratsa tsakar gida, ruwa har idon sawu. Mansura na rakuɓe a bakin ƙofar tsohon, ta kawo masa fura ruwan ya tsare ta. Tsohon na zaune a bakin gado, inda yake zama kowace shekara, amma hannayensa na kan gwiwa, kansa a sunkuye. Kwanon na ruri a bisansu.

"Amarya," ya ce, "ki ce masa ya rage ƙara. Wannan karon har da sanyi ya sa."

Mansura ta dubi mijinta. Kunya da baƙin ciki suka kama Sirajo a haɗe, ya rasa wanda ya fi.

"Baba, ni ne. Ruwa ne ake yi."

"Haka ka ce."

"Akwatunan na ƙarƙashin gado tun ranar. Wallahi ruwa ne."

Ya matsa ya durƙusa, ya kamo hannun tsohon ya ɗora a kafaɗarsa. Tsohon ya damƙi rigar, ya matse ta, ruwa ya bi yatsunsa ya gangara har gwiwar hannu. Ya shafa kan Sirajo, ya shafa fuskarsa. 

"Ruwa ne," ya ce.

Sirajo ya ja da baya ya tsaya kusa da ƙofa, don ya ba shi wuri ya saurara. "Mutane na zaure suna jira, Baba. Baba Muttaƙa ne ya aiko ni. Ya kai?"

Tsohon ya ɗaga kai wajen kwanon. Sirajo ya ga yadda ya karkata kunnen dama, yadda leɓɓansa suka fara motsi kamar mai ƙirga wani abu. Ya tabbata amsar na nan a bakinsa. Sai leɓɓan suka tsaya.

"Ku tona ƙasa ku gani," ya ce. "Kuna da idanu."

Ya sa hannu a wuya ya zaro igiyar fatar ta bisa kansa. Ya miƙa mabuɗin, amma ba inda Sirajo yake ba. Ya miƙa shi can hagu, wajen buhun wake, inda babu kowa. Hannun ya tsaya a iska yana jira.

Sirajo ya taka a hankali, don kada a ji sawunsa, ya je ya tsaya a wurin, ya tara hannu biyu ya karɓa.